Darasi na Bakwai: Daidaita Fari a Hoton Situdiyo

A darasin da ya gabata mun jera fitilu, mun ga inda babba take tsayawa da inda ake ajiye ƙaramar da ke rage inuwa. Yau ma a kan hasken za mu zauna, amma ta wajen launinsa. Kowane haske yana da launi, ko da ido ya rantse cewa fari ne tas, kuma launin nan a kan fatar wanda ya zauna gaban kyamararku yake sauka.

Bari in fara da abin da ya same ni, domin a nan na koyi wannan darasi. Shekarar da na buɗe shago, an kawo mini amarya ana jibi ɗaurin aure. Wankan tarwaɗa ce, an zana mata lalle ja da baƙi har gwiwar hannu. Sau uku ta sake kaya: jan leshi, koriyar atamfa, sai farar lafaya. Fitiluna ban taɓa su ba tun daga hoton farko har na ƙarshe, amma zaɓen launi na bar wa kyamara ta yi da kanta. Da aka wanko hotuna, gwaggon amarya ce ta zo karɓa. Ta baje su a kan tebur, ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Malam, 'yan mata nawa muka kawo maka?" Na ce, "Ɗaya ce, Hajiya." Ta ɗora yatsa a kan na jan leshi, ta ce, "Wannan kamar ta tashi daga jinya." Ta matsa kan na atamfa: "Wannan kuma ta yi jawur kamar an gasa ta." Sannan ta ɗaga na lafaya: "Ga 'yarmu nan." Gaskiya ta faɗa. Na kwana ina gyara a kwamfuta, na sake wanki da kuɗina, kuma har yau na san biyun nan ba su fito yadda ya kamata ba.

Ido yana gyara da kansa, kyamara sai an gaya mata

Ku ɗauki farar takarda ku dube ta da hantsi a tsakar gida, ku sake duba ta da dare gaban fitilar ƙwai. Fara za ku gani a duka wuraren biyu, alhali hasken fitilar ƙwai ruwan goro ne, kuma shi takardar take dawowa da shi zuwa idonku. Ƙwaƙwalwa ce take gyarawa ba tare da ta nemi izininku ba. Baiwa ce babba daga Allah, amma ga mai hoto takan zama tarko, domin bayan kun yi minti biyar a cikin ɗaki ba za ku ƙara ganin launin haskensa ba. Wasunku za su tuna hoton wata riga da ya karaɗe intanet a 2015, wasu suna rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, wasu suna cewa fara ce da ruwan gwal. Kowa ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙiyasta masa irin hasken da aka ɗauki rigar a ciki, ta gyara masa daidai da wannan ƙiyasi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki mudun muke so.

A cikin kyamara akwai faifan da ke karɓar haske, lulluɓe da miliyoyin ƙananan matatai masu launi uku: ja, kore da shuɗi. A yawancin kyamarori, cikin kowane huɗu biyu koraye ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Idan haske ya rinjaya wajen ja, matatan ja za su cika su bar na shuɗi a baya. Abin da ake kira daidaita fari shi ne a ƙara wa wannan ƙarfi a rage wa wancan, har abin da ba shi da launi, fari ko ruwan toka, ya fito ba shi da launi. Da zarar toka ta zauna daidai, sauran launuka sukan bi sahu. A jikin kyamara haruffa biyu ne alamarsa, WB.

Idan kun bar shi a kan AWB, kyamara ce take ƙiyasi. Ƙiyasin nan yana jingina da zaton cewa in an cakuɗa dukan launukan da ke cikin hoto, wani abu mai kama da toka za a samu. A titi ko a kasuwa zaton yakan yi kusa da gaskiya. A situdiyo kuwa, inda jan leshi ya cinye rabin hoto, sai kyamara ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta zuba shuɗi-shuɗi don ta kashe shi, fuskar amarya ta koma toka-toka. Ta ga koriyar atamfa, ta zuba ruwan hoda. Abin da gwaggo ta gani ke nan a kan teburina.

Ma'aunin Kelbin

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin wannan sashe. Maƙeri ya cusa ƙarfe cikin gawayi, yaro yana ta zuga. Da fari ƙarfen zai yi ja mai duhu, sai ja jawur, sai ruwan goro, sai ɗorawa, in wuta ta kai wuta ya yi fari-fari har ido ba ya son dubansa. Maƙeri ba shi da na'urar awon zafi, launin yake karantawa. Da akwai abin da zai jure zafin da ya ninka wannan sau da yawa bai narke ba, da haskensa ya koma shuɗi-shuɗi. A kan wannan aka gina awon launin haske: ana kwatanta shi da launin da abu yake bayarwa in ya kai zafi kaza. Ma'aunin ya ci sunan William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, malamin kimiyya a Jami'ar Gilasgo, da ya gabatar da shi a 1848. Harafin K ne alamarsa.

Kyandir yana wajen 1,900K. Ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, wajen 2,700K, manyan fitilun situdiyo masu zare kuma 3,200K. Ranar tsaka da filashar situdiyo duk suna kusa da 5,500K. Ranar da hadari ya rufe sama haske yakan kai 6,500K, inuwar gini a ranar da sama ta yi garau kuma takan wuce 7,000K. Lambobi biyu nake so ku haddace tun yau, 3,200 da 5,500, don a tsakaninsu yawancin aikin situdiyo yake.

Akwai inda ɗalibai suke rikicewa kowace shekara. Sun ji cewa babbar lamba shuɗi ce, sai su ƙara lamba a kyamara, hoto ya fito ruwan goro. Dalili shi ne, lambar da kuka sa labari ne kuke ba kyamara game da hasken ɗakin. In kun ce mata 7,000 alhali filasharku 5,500 ce, za ta yarda da ku cewa hasken ya yi shuɗi, ta zuba ɗorawa don ta gyara, hoto ya yi ɗumi. In kun ce mata 3,200 a gaban filasha, mutum zai fito shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Ku lura kuma cewa kuskure a ƙasan ma'auni ya fi tsada. Tazarar 300K a wajen 3,000 ta kusa ninka irinta a wajen 6,000 sau huɗu a ido, saboda haka mai aiki da fitilun zare ya fi mai filasha bukatar taka-tsantsan.

Lambar Kelbin hanya ɗaya kawai take bi, daga ruwan goro zuwa shuɗi. Akwai wata hanyar da ta gitta ta, daga kore zuwa ruwan hoda, kuma ita ce ta fi ɓata fata. Dogon ƙwan nan na fulorasan da fitilun LED masu araha sukan zubo kore-kore, kuma ko kun kwana kuna murza lambar K ba zai fita ba. Mutum ya ɗan yi ɗumi a hoto ba ya damuwa, amma fuska mai tsanwa ba wanda yake karɓarta da daɗin rai. Wannan shi ya sa sa lamba da ka ba ya wadatarwa, sai an auna.

Haske iri ɗaya a ɗaki

Kafin awo akwai sharaɗi, kuma shi ne inda yawancin ƙananan situdiyo suke faɗuwa. Kyamara haske iri ɗaya take iya daidaitawa a hoto ɗaya. In filasha tana haska kuncin dama, ƙwan silin mai ruwan ɗorawa yana haska goshi, taga tana zubo shuɗi a kuncin hagu, to duk wanda kuka gyara sauran biyun za su ɓaci. Ku ja labulen taga mai kauri, ku kashe ƙwan silin. Sannan ku yi wannan gwaji: ISO 100, ƙofar haske f/8, saurin ƙiftawa 1/160, ku cire abin tada filasha ku ɗauki hoto. In ya fito baƙi ƙirin, filasha ce kaɗai take aiki a hotunanku. In kun hango fuska ko bango, akwai hasken da yake satar shiga, ku neme shi. Wani lokaci ƙaramin ƙwan nan ne na cikin kan filasha, wanda ake ganin inda inuwa za ta faɗa da shi, domin a fitilu da yawa mai zare ne. Kada dai ku wuce 1/200 ko 1/250, iyakar da yawancin kyamarori suke tafiya tare da filasha.

Bango ma fitila ne. Na shiga situdiyo da dama da aka yi wa fenti kore shar ko ruwan hoda don kyau, masu su suna mamakin abin da ke damun hotunansu. Hasken filasha yana dukan bango ya dawo da launinsa a kan fuska. Fentin situdiyo fari ne ko ruwan toka, kwalliyar a bar ta a wurin zaman baƙi. Haka labulen baya: in ja ne ko kore, ku janye mai hoto daga jikinsa kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, don kada launin ya hau kunnuwa da gefen wuya.

Ku duba kayan aikinku da idon basira. Farin ƙyallen akwatin haske yana komawa ruwan ɗorawa in ya tsufa, ƙurar hunturu kuma tana ƙara masa. In kun haɗa tsoho a dama da sabo a hagu, fuska za ta rabu biyu. Lema mai cikin gwal tana ɗumama haske, mai cikin azurfa ba ta yi. Filasha biyu na kamfanoni daban-daban ba lalle launinsu ya zo ɗaya ba, kuma masu araha sukan sauya launi in an rage musu ƙarfi ko an ƙara. Idan dole ce ta sa ku haɗa filasha da fitilar zare, akwai ledar launi da ake ɗaura wa fitila. Mai ruwan goro, CTO, tana sauko da filasha kusa da 3,200K, shuɗiyar kuma, CTB, tana ɗaga fitilar zare zuwa kusa da hasken rana.

Masu aiki da fitilun da ke ci kullum suna da tasu matsalar, wadda wutar lantarkinmu take haifarwa. Ƙwan zare yana ƙara ja duk lokacin da wuta ta yi ƙasa, saboda haka awon da kuka yi da wutar gari ba zai yi muku aiki ba bayan an tada janareta. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana juyi 50 a daƙiƙa, tsohon fulorasan kuma yana ƙyafƙyaftawa sau 100, launinsa yana hawa yana sauka. In kun ɗauka da sauri sosai kowane hoto da nasa launi, maganinsa 1/50 ko 1/100. Wanda zai sayi LED kuwa ya duba lambar CRI a jikin kwali, wato awon yadda fitila take fitar da launuka. Ƙarshenta 100 ne, kuma don hoton fuska ina ba da shawarar 95 zuwa sama. Fitila mai ƙaramar lamba takan rasa ja mai zurfi, alhali a nan ran fata yake. Launin da fitila ba ta fitar ba, babu daidaitawar da za ta ƙago shi.

Katin toka

Yanzu sai awo. Kayan aikinsa kati ne mai ruwan toka wanda aka yi shi musamman don kada ya karkata zuwa kowane launi. Wanda aka fi sani shi ne mai dawo da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, kuma asali don awon yawan haske aka yi shi, saboda haka in za ku saya ku tabbata an rubuta cewa ya dace da daidaita fari. Akwai kuma allo mai gidaje 24 da ake kira ColorChecker, wanda ya fito a 1976. Layinsa na ƙasa gidaje shida ne daga fari zuwa baƙi, kuma na biyun, mai toka mai haske, shi ake aunawa da shi.

Na san tambayar da ke bakinku: me zai hana a yi da farar takarda, ko farar shaddar da mai hoto ya sa? Takardar ofis ana zuba mata sinadarin da ke ƙara mata haske, kuma hasken nan shuɗi-shuɗi ne. Shadda kuwa kun fi ni sani, ta sha bula a wajen wanki. Ku shimfiɗa farar riga mai bula kusa da sabon alawayyo a rana, za ku ga ɗaya ta karkata zuwa shuɗi ɗaya zuwa madara, kuma duka biyun fari muke kiran su. In kun gaya wa kyamara cewa mai bular ce fari, za ta zuba ɗorawa a kan komai. Ga kuma wani haɗari: fari yana saurin ƙonewa a hoto, kuma wurin da ya ƙone ba ya ɗauke da labarin launi ko kaɗan. Toka ba ta da wannan saurin ƙonewa.

Ga yadda ake yi. Ku gama jera fitilu da saita ƙarfinsu tukuna, awo shi ne na ƙarshe. Ku miƙa wa mai hoto katin ya riƙe dab da haɓarsa, yana fuskantar kyamara, a ɗan karkata shi wajen babbar fitila amma kada ya yi ƙyalli. Wurin nan yana da muhimmanci, domin hasken da ke sauka a fuska muke aunawa, katin da aka riƙe a gaban kyamara wani hasken dabam yake gani. Ku matso har katin ya cika tsakiyar hoto, ku kula kada inuwarku ta faɗa a kansa. In kyamara ta ƙi kama shi saboda ba shi da zane, ku mayar da saitin gani na hannu, dishi-dishi ba ya ɓata wannan awo. A Canon, ku ɗauki hoton katin da filasha, ku shiga jerin saiti wajen Custom White Balance ku zaɓi hoton, sannan ku koma WB ku ɗora shi a kan alamar awon da kuka yi. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, mutum ya yi awo ya ci gaba da aiki a kan AWB bai sani ba. A manyan kyamarorin Nikon kuwa PRE za ku zaɓa, ku danne maɓallin WB har rubutun ya fara ƙyaftawa, ku ɗauki katin. In ta karɓa za ta rubuta Good, in ba ta karɓa ba, yawanci haske ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Duk aikin nan bai kai minti biyu ba. Kuma muddin ba ku taɓa fitilu ba, amarya ta sake kaya sau goma, fatarta ɗaya ce. Kun sauya lema da akwatin haske, ko kun rage ƙarfin filasha da yawa, ko kun sauya labulen baya, sai a sake awo. Katin kuma a adana shi cikin jakarsa, a riƙe shi ta gefe. Maiƙon hannu da rana suna sauya masa launi, kuma katin da ya ƙazantu ƙarya zai yi ta gaya muku.

Wanda yake ɗauka da RAW yana da sauƙi. Fayil ɗin RAW yana ajiye abin da faifan kyamara ya gani kafin a daidaita shi, da matakai 4,096 ko 16,384 a kowane launi, alhali JPEG 256 kawai yake da su kuma an riga an toya launin a cikinsa. Ku ɗauki hoto ɗaya da katin a farkon zama. A Lightroom ko makamancinsa akwai alama mai kama da abin ɗiga maganin ido, ku taɓa katin da ita, lambobin ja da kore da shuɗi su zo daidai da juna, sai ku kwafe wannan gyara zuwa sauran hotunan gaba ɗaya. Duk da haka ina so ku riƙa yin awon a cikin kyamara. Tun ran gini tun ran zane. Mai hoto yakan ce a nuna masa a bayan kyamara, kuma abin da ya gani a nan shi zai sa ya saki jiki ko ya ɗaure fuska. Masu hoton fasfo da ke bugawa nan take da JPEG kuwa ba su da wata dama ta biyu, bango ya fito fari ko a dawo musu da aiki.

Fatar da ke gabanku

Wannan sashe shi ya fi damuna. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa gidajen wankin hoto wani katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka riƙa kira katin Shirley, da sunan matar farko da aka ɗauka. Da fatarta aka riƙa saita injin wanki, duk wanda ya biyo baya kuma a kan wannan saiti za a wanke shi. Wata mai bincike a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya kyautata fitar da launuka masu duhu har da koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Yau al'amura sun sauya, har kamfanin da ke yin Tecno da Infinix ya ci kasuwar Afirka da wayoyin da aka tsara kyamararsu don baƙar fata. Amma abin da nake so ku ɗauka shi ne, na'ura ba ta san mutanenmu ba sai gwargwadon abin da aka koya mata. Ku kuka san su.

Kuma baƙar fata ta fi tona asirin haske. Kyawunta a hoto daga sheƙi yake zuwa, a goshi da karan hanci da saman kunci, musamman in an shafa mai, kuma sheƙin nan launin fitilar yake ɗauka kai tsaye. Ɗan kore kaɗan, sai baƙin mutum ya fito kamar ƙura ta bule shi. Shuɗi kaɗan, sai ya yi fururu. In kuwa toka ta zauna daidai, za ku ga abin da ido yake gani a fili: wani baƙinsa yana da ja a ƙarƙashi, wani ruwan zuma, wani kamar cikin dabino.

Za a zo muku da roƙon "a ɗan ƙara mini haske". Ku gane cewa yawan haske dabam, launinsa dabam, kuma babu ɗayansu da aka yi don sauya wa mutum halitta. Abin da na gani a aikina shi ne, yawancin masu wannan roƙo sun gaji ne da hotunan da suke fito da su a dushe, ba su taɓa ganin fatarsu an haska ta da kyau ba. Ku fara nuna musu na gaskiyar. Hoton nan zai daɗe a bango, jikoki za su tsaya a gabansa suna neman kamanninsu.

Wannan bai hana ado ba. Bayan kun sami daidai, kuna iya ƙara 200K ko 300K don fuska ta ɗan yi ɗumi, ni ma ina yi a hoton amare da na jarirai. Bambancin shi ne kun san inda kuka tashi da inda kuka tsaya, kuma za ku iya maimaita shi gobe. In aikin na tela ne ko na mai sayar da atamfa, ko mai kwalliya ce take son nuna aikin hannunta, to a bar shi a kan awo, domin mai saye launin da ya gani shi zai nema.

Daga kwamfuta zuwa takarda

Kuna iya yin komai daidai fuskar kwamfuta ta rushe shi. Ma'aunin da aka saba da shi ga fuskar kwamfuta 6,500K ne, amma da yawa suna zuwa daga kanti sun fi haka shuɗi, ga kuma saitin kare ido da ke mayar da su ɗorawa da dare. Ku kashe wannan saiti kafin gyaran hoto, kuma in idonku da lambobin katin suka saɓa, ku bi lambobin. A gidan wanki, injuna da yawa suna gyara launi da kansu, wato AWB ta sake dawowa ta bayan gida. Ku gaya wa mai injin cewa kun riga kun daidaita, kada a taɓa. Hoton da aka wanke kuma a dube shi bakin ƙofa da rana, domin masu ɗab'i da hasken 5,000K suke duba aikinsu, ƙwan shago ba ya nuna gaskiyarsa.

Aikin gida

Ku sami mutum ɗaya da zai ba ku rabin awa, da mayafi ko riga uku: ja, kore da fari. Ku jera fitilu, ku yi gwajin baƙin hoto, kada ku ƙara taɓa su. Ku ɗauke shi da kowane kaya a kan AWB, ku sake ɗauka a kan 5,500K, sannan ku yi awo da katin toka ku ɗauka karo na uku. Hotuna tara ke nan. Ku ƙara biyu: ɗaya da kuka auna da takardar ofis, ɗaya da kuka auna da farar riga mai bula. A littafinku ku rubuta wane jeri ne fatarsa ba ta sauya ba, da kuma wajen da takarda da riga suka ja launin. Wanda bai mallaki kati ba tukuna ya haɗa kai da wanda yake da shi.

Ranar darasi na gaba ku zo da hotunan a wanke, kada ku kawo su a waya. In da hali ku zo da wanda kuka ɗauka, za mu fita da shi bakin ƙofa mu kara hotunan da fuskarsa.